Rasuwar Zorka, Babbar Fankar Ɗakin Injuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau suka ƙi sabawa da shiru, ni Ratomir ɗan Vidosava nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Zorka, babbar fankar da ke zuƙe zafi a ɗakin injunan haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, na maigida Obren, a tsohon gidan busar da taba na ƙauyenmu, kusa da Leskovac. Ta cika ranar Lahadi da tsakar rana, tana bakin aikinta.

Marigayiyar ta girme ni. Ta busar da taba tun zamanin kakanni, masana'anta ta mutu ta bar ta a bango, har Obren ya zo ya jera injunan mutanen ƙetare a kan kantoci. Injunan nan ba su san komai ba sai lissafi da fitar da zafi. Su shaƙi iska mai sanyi daga tagogin gabas, su furzo ta baya kamar bakin tanda, ita kuwa Zorka ta kwashe ta watsar waje. Ba ta taɓa neman hutu ba. Abincinta man giris ne, sai sabon bel idan tsohon ya saki. Da safe takan ce "wuuum" cikin natsuwa, idan tana son giris ta ƙara da "kiii-kiii" kamar tsohuwa mai mita. Saboda ita aka ɗauke ni aiki, saboda ita ban bi sa'o'ina zuwa Jamus tuƙin manyan motoci ba, na zauna kusa da mahaifiyata.

Ga yadda jinyarta ta kasance. Kowa a ƙasar nan ya san promaya, iskar da ke shiga ta wata kafa ta fita ta wata, wadda iyayenmu suka fi tsoro a kan kowace cuta. Aikina kuwa tsayuwa ne a tsakiyarta wuni guda. Da wuyana ya sanƙare, Mama, wadda ke kawo min abincin rana, ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe ɗankwalinta.

"Wannan ba wurin aiki ba ne, ɗana, makabarta ce. Promaya ce ta kashe babanka."

"Mama, shekararsa arba'in yana shan taba."

"A bakin taga yake sha!"

Ranar Lahadi na tafi gari wajen mai tausa. Mama ta ɗauki makullina, ta fito da bargunan aurenta waɗanda ko baƙo ba ta shimfiɗa wa, ta hau tsani da shekarunta saba'in da ɗoriya, ta toshe tagogin gabas tsaf, ko kafar allura ba ta bari ba. Zorka ta ja, babu abin ja. Zafi ya yi ta kewaya ɗaki yana komawa bakin injuna. Maƙwabcinmu Kawu Budimir ya ce ya ji muryarta ta canza, ta koma "huu, huu", sai ƙauri ya tashi, sai tsit. Na tarar da Mama a ƙofa fuskarta fal murna tana cewa, "Ka ji yadda ɗakin ya yi ɗumi?" Wallahi sai hawaye suka zubo min.

Marigayiyar ta bar ƙananan fankoki shida da ba su iya komai ba sai da ita, da gwangwanin giris da aka ci rabi, da injuna masu yawa, wasu sun kashe kansu da wuri sun tsira, wasu sun bi ta. Masu su sun ce a kwashe. Obren zai kai su wani wuri inda ake tsoma injuna cikin mai don su yi sanyi, babu fanka, babu mai kula da fanka. Bai yi min faɗa ba, ya dafa kafaɗata kawai ya ce, "Ka gaida Mama." Da ma zagina ya yi.

Za a sauke gawar daga bango ranar Asabar da hantsi, mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da motarsa. Za a raba kofi da dafaffiyar alkama mai sukari, Mama ce ta dafa da hannunta. Kada kowa ya gaya mata dalilin rufe wurin, na ce mata tsufa ne ya kashe Zorka. Ba za a yi addu'ar arba'in ba, domin motar Stuttgart ta ƙasar Jamus za ta tashi da ni washegari. Mama ta saƙa min mayafin wuya, ta ce kada in zauna kusa da taga.

Masu zuwa gaisuwa daga baya za su same ta ita kaɗai a gida. Don Allah ku riƙa leƙa ta, kuma idan kun shiga, ku ja mata ƙofa.