Ranar da Na Yi wa Majo Laccar Korona

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar auren abokina Iliya a unguwarmu Sersouf, domin a ranar na yarda baki shi ke yanka wuya.

Ni mutumin Damagaram ne, aikin saka karo, wato tayil, a ɗakunan mutane ya kawo ni Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Na yi lekkol, makarantar boko, shekara shida, kuma a cikin 'yan shantiyenmu, abokan aikin gini, wannan ya isa a ɗauke ni babban masani. Da korona ta shigo, sai na naɗa kaina likitan unguwa. Duk saƙon da ya faɗo cikin salulata, kafin azahar na mayar da shi ilimina. Bayanina guda ne: Turawa na mutuwa saboda abincin gwangwani, mutanen Aljeriya na kwanciya saboda burodi da sukari, mu kuwa 'yan Nijar gero ya tsare mu. "Wanda ya tashi da fura da miyar kuka," nakan ce, "korona sai dai ta gaishe shi ta wuce."

To, ni ba ta wuce ni ba. (Wannan tsakanina da ku ne, ko da yake yanzu duk Sersouf ta sani.) Ta kama ni kamun kazar kuku. Mai gidan da nake wa aiki ya ɗauke ni a motarsa zuwa asibiti, na yi kwana goma sha ɗaya da robar iska a hanci, ina kuka ina kiran Innata. Da na fito, kunya ta hana ni faɗa. Na ce wa kowa wani aiki ne ya kai ni wani wuri mai nisa, In Ekker, can kuma babu rezon waya. Ramar da na yi na ɗora wa wahalar aiki.

Bayan an sassauta kulle aka ɗaura auren Iliya. Da la'asar muka taru a tsakar gidan Malam Habu, malamin da ke karantar da 'ya'yanmu allo. An shimfiɗa tabarmi, ga kuskus da naman akuya, ga lemun kwalba. Kusa da ni wani dattijon Buzu ne da shuɗin rawani, idanunsa kawai ake gani, yana ta dafa shayi bai ce uffan ba. Na ɗauka wani makiyayi ne maƙwabcin malam, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba.

Wani ya tambaya, wai me ya sa cutar ta yi ɓarna a ƙasashen masu kuɗi da manyan asibitoci, amma a gida ba a ji ta sosai ba. Kamar an sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na gyara zama, na jera ƙasashe kamar na taɓa zuwa: Italiya, Faransa, Amirka. Na yabi gero, na yabi zogale, na zagi abincin Turawa, duk ina yi kwalbar lemu ta uku na hannuna, tumbina na kan cinya. (Rabona da fura a lokacin ya fi shekara. Burodi da mayonez ne karin kumallona.) Na rufe da cewa, "Ku dube ni nan. Ko atishawa ban yi ba."

Dattijon ya ɗago ido ya dube ni, ya mayar da kai kan butarsa.

Sai Isufu, ƙanin Malam Habu, mai fama da ciwon sukari, ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya. Ni ma ƙwayoyin nan sun ishe ni. Daga gobe na ajiye su, na koma fura."

A nan ne dattijon ya ajiye buta. Da Hausa tsaf, irin ta mutanen Agadas, ya ce, "Isufu, kada ka ajiye maganinka. Ka sha fura in kana so, kaɗan, ba sukari. Amma magani na nan."

Ya juyo wurina. "Samari, akwai gaskiya a maganarka. Abinci na da muhimmanci. Waɗanda cutar ta fi wahalarwa, da yawansu masu sukari ne, da masu hawan jini, da masu nauyin jiki. Amma in za a gwada ƙasa da ƙasa, sai a yi tambaya. A ƙauyenku tsofaffi nawa ne, yara nawa? Can ƙasashen tsofaffi sun yi yawa, kuma su ta fi ɗauka. Sannan wanda ya yi tari kwana uku ya rasu a ƙauye, wa ya auna shi? Sai a ce ajali, a rufe. Dangina a ƙauyen Idlès dabino da nonon akuya da gero suke ci, amma mun rufe wasu. Ni dai ban san amsar duka ba."

Mai hankali da sai ya yi shiru. Ni kuwa na ga ana gyaɗa masa kai, sarautata na zamewa. Na yi wata 'yar dariya na ce, "Baba, ka ji da shayinka. Wannan magana ta waɗanda suka shiga lekkol ce."

Duk idanu suka dawo kaina. Don in nuna ko a jikina, na kafa kwalba a baki. Lemun ya bi ta inda bai kamata ba. Na sarƙe, tari ya turnuƙe ni, idanuna suka firfito, lemu na fita ta hanci. Kafin kowa ya motsa dattijon ya riga ya dafa bayana, ya sunkuyar da ni, ya ce a hankali, "Ja numfashi, ɗan Damagaram. Kaɗan-kaɗan. Ba inda za ka."

Na ɗago kai na dube shi. Na san kalmomin nan. A asibiti akwai wani ma'aikaci da ban taɓa ganin fuskarsa ba, kullum cikin takunkumi da farar riga har ƙasa, Majo ake ce masa, wato babban nas. Shi kaɗai ke jin Hausa a ɗakin. Duk sanda numfashina ya tsaya na fara salati, shi ke zuwa ya dafa ni ya faɗi haka.

Da ina da wayo da na yi godiya na yi shiru. Amma bakin nan dai nawa ya sake riga ni. Na ce da ƙarfi, "Majo? Kai ne?"

Iliya ya ce, "A'a, ina ka san shi?"

Dattijon ya yi ƙoƙarin rufa mini asiri. Ya ce, "A wurin aiki muka haɗu," ya koma kan shayinsa.

Malam Habu ya shafa gemu. "Ikon Allah. Majo dai tun da cutar ta shigo bai yi aiki ko'ina ba sai ɗakin masu korona. Wata uku bai kwana gidansa ba don kada ya kai wa iyalinsa."

Kowa ya fara haɗa zance a ransa. Sai Iliya, ango guda, ya ce, "Ashe In Ekker ɗin da ka je har da gadaje da robar iska?"

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo daga cikin gida suna tambayar lafiya. Na so ƙasa ta tsage. Ba yadda na iya, na faɗi gaskiya duka, har da kiran Inna.

Majo bai yi dariya ba. Ya miƙo mini kofin shayi na farko, ya ce wa jama'a, "Ku bar shi. Na ga manya sun fi shi kuka, kuma shi ya tashi. Ciwo ba abin kunya ba ne." Abin da ya fi tsaya mini shi ne, tun zamana ya gane ni. Ya ji ƙaryata, ya ji rainin da na yi masa, bai tona ni ba. Bai buɗe baki ba sai da ya ga lafiyar Isufu za ta taɓu.

Kafin a watse ya ce in same shi a auna jinina. Na je, aka samu ya hau. Yanzu na rage lemu, na koma dama fura da gaske, Isufu kuma na nan da ƙwayoyinsa. In aka tambaye ni dalilin da ya sa wata ƙasa ta fi wata shan wuya, nakan ce dalilan na da yawa, a tambayi masu aikin.

Darasin da na koya kuwa shi ne: in za ka cika baki a taro, fara duba waɗanda ke kan tabarma. Mutumin da ya taɓa miƙa maka fo a asibiti kana kwance, ba a yi masa burga.