Dattijo, Keken Ɗinkin da Man Gyaɗa Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya fara juyewa zuwa haushi, iyalan Malam Mustafa na Ƙofar Mazugal suna sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da waɗanda suka yi ta dariya ta bayan katanga, rasuwar keken ɗinkin gidansu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata, ashirin da shida ga watan azumi, tsakanin azahar da la'asar, yana tsaka da aiki, rigar yarinya a ƙarƙashin allurarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wani ya zo mana da zancen tsufa. Kashe shi aka yi, an san hannun, an kuma san ƙafar.

Marigayin baƙi ne wuluk, mai zanen ruwan zinare a ƙirji, irin na takawa da ƙafa, wanda ɗauke wuta bai taɓa damunsa ba. Shekara talatin ya yi a Gwammaja a hannun Nana Hauwa, mahaifiyar Luba matar wannan gida, yana ɗinka wa 'ya'yan unguwa kaya. Da Nana Hauwa ta rasu aka raba gado, 'yan'uwa suka kwashe kwanuka da zannuwa, shi ya faɗo wa Luba, wadda a lokacin ko zare ba ta iya zura wa allura ba. A faɗi gaskiya, ta wulaƙanta shi. Shekara shida yana lungun ɗaki a lulluɓe da tsohon zanen Nana Hauwa, ana jera masa filas da kofuna a ka, bai taɓa cewa uffan ba.

Ƙaramar Sallar bara ce ta tashe shi. Wani tela, wanda ba za mu ɓata takarda da sunansa ba, ya karɓi atamfar Kausar, 'yar Luba mai shekara bakwai, tun watan Sha'aban. Gobe, jibi, gobe, har aka sauko daga Idi atamfa tana nan a ninke. Kausar ta wuni a bayan ƙyaure da tsohuwar riga tana leƙen ƙawayenta, ta ƙi fita yawon Sallah, ta ƙi cin tuwo. Ran nan Luba ta durƙusa a gabanta ta yi mata alkawarin cewa rigar Sallar azumi mai zuwa ita za ta ɗinka mata da kanta. Washegari ta sauke filas da kofuna.

A nan ne halin marigayin ya fito. Luba ba ta da malami sai bidiyon waya da tsofaffin kayan yara, ta farke su, ta shimfiɗa a kan takardar buhun siminti, ta bi gefensu da alli. Dattijo ya jure duk abin da ɗan koyo ke iya yi wa keke. Ya ɗinka wa Gali, ƙanin Kausar, wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da yatsu huɗu. Ya ɗinka rigar da wuyanta ya maƙale a kan Kausar, sai da aka sa almakashi tana ciki tana ihu. Hannun riga guda an haɗa shi a baibai sau uku, an farke sau uku. Allura goma sha ɗaya aka karya masa a baki. Duk da haka bai taɓa yi mata dariya ba. In ta zura zare daidai sai ya ce tak-tak-tak-tak, a natse, yadda yake yi wa mahaifiyarta, har wani lokaci ta tsaya ta share ido. In ta sa kwarkwaro a juye sai ya ce gurrr, ya cukuikuye zaren a ƙasa, ya tsaya cak har ta gano laifinta da kanta.

Masu dariya kam an samu, shugabarsu kuwa ita ce Jummai, yayar Malam Mustafa, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gida uku ne tsakani. Ita ce ta ɗaga wandon Gali a gidan suna, a gaban mata sun fi arba'in, ta tambaya ko akuya mai ɗingishi aka auna. Luba ta haɗiye, ta ce, "Ai koyo nake, Yaya." Ta dawo gida ta sake yanka wani.

Rashin lafiyar ta fara ne a farkon azumi, ita ma ba wata ta a zo a gani ba ce. Ɗan ƙyi-ƙyi ne kawai, kukan keken da ke son mai. Luba ta ɗauki mayafi ta tafi kasuwa sayo zare da man keke. Tana fita Jummai ta shigo da kwalbarta, wai kukan keken yana hana ta barcin rana. Duk wata kafa da ta gani a jikin bawan Allahn nan sai da ta ɗura mata man gyaɗa. Luba ta dawo ta tarar ɗaki yana ƙamshi kamar wajen suyar ƙosai, Jummai na goge hannu tana cewa man da ke gyara cikin mutum ba zai gagari ƙarfe ba, nata kuma na farkon matsa ne. Keke ya yi luf, mako guda yana gudu sumul. Luba, da yake 'yar koyo ce, har gida ta bi ta ta yi godiya. Wannan godiyar ce take ci mata rai har yau, in ta tuna sai ta ji kamar ta ciji yatsa.

Daga nan mai ya daskare, ya kama ƙura da burbushin zare ya zama danƙo. Kiyashi suka yi layi tun daga bakin ƙofa. Ɓera ya gwaguye igiyar fata, aka sa wata. Dattijo ya yi nauyi, ana taka shi yana nishi, amma bai ajiye aiki ba, domin rigar Kausar ce a gabansa. Atamfa ce mai ruwan ganye, kuma ita ce riga ta farko a tarihin gidan nan da wuyanta ya wuce kan yarinya a gwajin farko. Kausar ta yi ta tsalle a tsakar gida. An haɗa hannun dama, saura na hagu da kalmasa, sai keke ya ƙi juyawa.

Luba ta aika wa Malam Ilu mai gyaran kekuna, ya ce yana tafe bayan la'asar. Jira kawai za a yi. Sai ga Jummai kuma, ba wanda ya kira ta. "Matsa, Luba, azumi ne ya cinye miki ƙafa. Ni da nake matsar gyaɗa, wannan ne zai gagare ni?" Kafin Luba ta ce a bari, ta zauna, ta ɗora ƙafa biyu, ta danna da duk nauyin da Allah ya hore mata. Marigayin ya ce ƙiiii, sannan ya ce ƙas. Maganarsa ta ƙarshe kenan.

Malam Ilu ya buɗe shi, ya shinshina, ya tambaya wa ya soya wannan keken. Ya ce da an jira shi, wankin kananzir kaɗai ya isa, amma yanzu ƙarfen cikin ya karye, rabonsa da ganin irinsa a kasuwa kuwa an fi shekara ashirin. Ta'aziyyar Jummai ita ce, "Dama ya tsufa." Ta gyara mayafi ta fice.

Ya rasu ya bar Luba, wadda bai gama koya wa sa zif ba. Ya bar Kausar da Gali, da almakashi ɗaya, da kwarkwaro huɗu, da sabuwar kwalbar man keke da ke kan taga ko buɗe ta ba a yi ba. Ya kuma bar riga mai hannu ɗaya, Sallah saura kwana huɗu. Malam Mustafa ya zaga teloli bakwai, babu wanda ya ko ɗago kai. Ya dawo ya ce a yi haƙuri, Yaya ce, taimako ta yi niyya, zai sayo ta kanti. Luba ta tashi ta ɗauko allurar hannu, don in ta buɗe baki azuminta ne zai tafi. Kausar ce ta rungume rigar ta ce ita wannan take so, ta Umma da Dattijo.

Ga yadda aka tsara. 'Yan gwangwan masu yawo da kura kada su wahalar da kansu, ba za a auna shi a sikeli ba. Za a wanke shi da kananzir, a lulluɓe shi da zanen Nana Hauwa, a mayar da shi lungunsa, duk wanda ya ɗora masa filas kuma zai gamu da Luba. Za a yi zaman makoki kwana uku a tsakar gida, daga azahar zuwa la'asar, har jajibiri. Babu abinci, azumi ake. Masu zuwa su yi wa mai makoki uzuri in ba ta miƙe ba, allurar hannu ce a hannunta, tana bin hannun hagu ɗinki ɗaya bayan ɗaya, yatsunta duk sun huje. Kada a kawo ƙuli-ƙuli. Kada a kawo shawara.

Rufe makoki kuwa sai safiyar Sallah, in Allah ya kai mu. Gidan farko da Kausar za ta shiga gaisuwa shi ne na Gwaggonta Jummai, cikin rigar mai ruwan ganye. Hannun dama ɗinkin marigayi ne, na hagu na Luba. Ana roƙon Jummai ta tara matan nan na gidan suna, ta ɗaga hannuwan yarinyar sama yadda ta ɗaga wandon Gali, ta duba da kyau, ta faɗa mana wanne ne ya fi wani tsawo.