Yadda Za Ka Zama Haifaffen Hakata a Dare Ɗaya

Matso kusa, ɗana. Ka ce kana son yarinya 'yar garinmu Hakata, ubanta ya rantse ba zai ba ɗan Tokyo 'yarsa ba, kai kuwa a tsakiyar Tokyo aka binne cibiyarka? Share hawayenka. Ni Tomeko, shekara arba'in da uku na yi a bayan tukunyar romo a shagonmu na bakin kasuwar kifi, mu buɗe goman dare, mu rufe da asuba. Maƙaryatan da na ciyar sun fi furfurar kaina yawa. Bi matakan nan, aure kamar an ɗaura. Ryohei, wani mai tallan injin wanki, ya bi su, yau ga shi da mata.

Mataki na ɗaya: Zaɓi unguwar da aka haife ka

Nemi wata a Hakata wadda aka rushe aka yi benaye a wurin. Ƙarya ta fi ƙarko inda babu maƙwabta.

Haka Ryohei ya yi. Budurwarsa Chizuru ta kwashe mako uku tana gyara masa harshe, har ranar da ubanta, tsoho Shigematsu dillalin kifi, ya ce, "Kawo min shi shagon Tomeko, sha ɗayan dare. A bakin kwano nake gane mutum."

Mataki na biyu: Kada ka karanta allon abinci

Baƙo ne ke karatu. Ɗan gari yana ɗaga labule yake faɗin yadda yake son dahuwar taliyarsa, tun bai zauna ba. Ka ce, "Mai tauri," kamar wanda ya gaji da faɗa.

Ryohei ya faɗa, sai dai da ƙarfin mai kiran gobara. Wani direban tasi da ke gyangyaɗi a lungu ya zabura ya ce, "Saurayi, taliya kake nema ko an sace maka keke?"

Ba komai. Yi dariya, zauna.

Mataki na uku: Zagi garinku

Tsiyaya wa uban yarinyar giya da hannu biyu, ka jira. Zai kawo zancen da kansa.

"Ka taɓa shan romon Tokyo?" in ji Shigematsu.

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe. Na ɗauka ruwan ɗaurayar kwano ne."

"Mutanensu fa?"

"Ko maƙwabcinsu ya mutu, sai sun gani a jarida."

Tsoho ya buga cinya don daɗi. Kada zuciyarka ta karaya a nan. Uwarka da ta raine ka da wannan romon tana can tana barci, ba za ta ji ba.

Mataki na huɗu: Kada ka haɗa ido da abincinka

Kafin taliya za a kawo ika, kifin nan mai hannuwa goma, yanzu aka tsamo shi daga ruwa. An yanyanka bayansa siri-siri, amma hannuwan na motsi, idon kuma a kanka yake. Ɗauki tsinkayenka na cin abinci, tsoma a miya, tauna, ka ce, "Na jiya ya fi zaƙi." Ɗan gari ba ya yabon na yau.

Ryohei ya ci, har da kawa uku, masu ɓawon nan irin na dodon koɗi, da jatan lande. Na dai ji shi yana ce wa ikan "yi haƙuri" ƙasa-ƙasa, na ƙara wa famfo ƙarfi don kada tsohon ya ji. Ka ga irin kirkina.

Mataki na biyar: Bar romo a kwano

Wannan ko ɗan yaye ya sani. Taliyarmu siririya ce, saurin laushi gare ta, shi ya sa kaɗan muke zubawa. In ka cinye sai ka ce a ƙaro, mu juye maka sabuwa a cikin sauran romonka. Chizuru ba ta koya masa ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai mai ƙafa biyu da bai san haka ba.

Ryohei ya cinye taliya. Ya ɗaga kwano da hannu biyu irin na yaron da aka yi wa tarbiyya, ya shanye tas, ya dire shi har yana ƙyalli. Ya goge baki, ya ɗaga yatsa.

"Iya, a ƙaro taliya!"

Kowa a shagon ya juyo. Chizuru ta rufe fuska da tawul. Direban tasi ya miƙe tsaye don ya gani da kyau.

Na ce, "A ƙaro a cikin me, ɗan nan?"

Mataki na shida: In asiri ya tonu, ci gaba da taunawa

An ce a ƙaro, na ƙaro. Na juye masa taliya gaya, babu ɗigon romo, ta dunƙule kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ya ci. Yana zufa, yana haɗiya da ƙyar, har silin ƙarshe.

Shigematsu ya bari sai da ya gama. Sannan ya ce, "Chizuru, fita ki sha iska."

"Baba, wallahi laifina ne, ni na..."

"Na ce fita."

Ta fita tana kuka. Tsoho ya jawo kujera har gwiwarsu ta haɗu.

"Wace unguwa a Tokyo?"

Ryohei ya sunkuyar da kai. "Nerima, ranka ya daɗe."

"Ta wajen tsohon gidan wanka, ko ta wajen tasha?"

Ryohei ya ɗago a hankali.

"Rufe bakinka, ƙuda zai shiga," in ji tsoho. "Bayan gidan wankan aka haife ni. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zagin Tokyo kullum, har na fara jin daɗin abin. Ni da na yi wannan shirmen a gaban nawa surukin, Tomeko ce ta faki idonsa ta zuba min ludayin romo."

Ryohei ya juyo gare ni. "Iya, ni me ya sa ba ki zuba min ba?"

"Shi kyakkyawa ne a lokacin."

Tsoho ya kama masa kwalar riga. "Watan goma za a yi biki. In Chizuru ta ji wannan zancen, ko mutanen kasuwa, da kai zan yi romo. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"To ƙara zagin Tokyo da ƙarfi, ga ta nan dawowa."

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya dace da suruki ɗan Hakata na gaskiya, aka fatattake shi har bakin tasha, babu ruwana. Wanda ika ya biyo shi cikin mafarki, babu ruwana. In kuma takardar nan ta faɗa hannun Chizuru ko wani ɗan kasuwar kifi, Shigematsu ya zo yana huci yana neman wanda ya tona shi, ku ce masa tsohuwa ce, ta rikice, ko gishirin romo sai an tuna mata.