Ranar da Na Shiga Aji da Bindigar Kwali

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata a tsakiyar damina, ranar da na je darasin gwaji na neman aikin koyarwa, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. A lokacin shekara uku ke nan da gama bautar ƙasata, ina zaune a gidanmu a Nasarawa Gwom, takardar digirina ta injiniya tana cikin leda a ƙarƙashin katifa. Ba wai ba na neman aiki ba ne. Ina nema, irin neman nan da ake aika takarda a jira, a sake aikawa a sake jira, har mutum ya fara jin nauyin gaida maƙwabta da safe don sun san babu inda za shi.

Abin da ya ɗebe mini kewa a wannan zaman wani wasan harbi ne na waya (na san yadda wannan maganar take sauka a kunne, a yi mini haƙuri). A wasan, kowa da ƙaramar bindiga yake farawa, fistol, kuma kowa yana yar da ita da zarar ya tsinci babba. Ni kuwa ban taɓa rabuwa da ita ba. Ba ta da wani ƙarfi, sai ka sami abokin karawa sau uku ko huɗu kafin ya faɗi, daga nesa kuma kusan ba ta da amfani. Amma idan harsashin babbar ya ƙare ana tsakiyar artabu, zaro ta ya fi sake loda waccan sauri. Sannan ba ta ɓarin wuta. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, sai ka sake ja. Tsakanin wannan harbi da na gaba akwai ɗan lokacin da mutum zai yi tunani, ya yi nadama ma idan yana so. Ina jin shi ya sa jininmu ya haɗu.

Da yake karatun injiniyan bai gama fita daga kaina ba, sai na koma binciken yadda take ɗora wa kanta harsashi na gaba. Abin, idan na fahimta daidai, mai sauƙi ne. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake tura marfin saman bindigar baya. Marfin yana komawa baya zai fizgo kwanson da ya ƙone ya wurgar ta gefe, sai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle da ke ƙarƙashin bututun, ya dawo da shi gaba, a kan hanyarsa ya kwaso sabon harsashi daga gidan harsasan da ke cikin mariƙi. Babu batir, babu komai. Da naushin da ta yi take shirya na gaba. Na zana wannan a littafi ya fi sau goma, ba don kowa ba.

Ana haka Malam Sabo ya zo gidanmu. Abokin marigayi mahaifina ne, kuma shi ne mataimakin shugabar wata makarantar kuɗi a kan hanyar Kuru.

"Malamin Fiziks ɗinmu ya ajiye aiki," ya ce da ni bayan ya gaisa da Inna. "Na yi wa Madam maganarka. Ranar Talata za ka yi darasin gwaji, minti arba'in, 'yan aji biyu na babbar sakandare. Doka ta uku ta motsi."

"To, Baba. In sha Allahu."

"Abu ɗaya zan gaya maka. Matar nan tana son malamin da zai zo da kayan koyarwa da ya haɗa da hannunsa. Kada ka je mata da alli tsurarsa. Mutum uku suka nema, ni na ce a fara da kai. Kada ka ba ni kunya."

Doka ta uku ita ce mai cewa duk abin da ka tura, shi ma zai tura ka da ƙarfi daidai da naka. Kafin Malam Sabo ya kai bakin titi na riga na san misalin da zan kawo. Har na ji kamar duk zaman banzan da na yi da waya a hannu ashe shiri ne.

Kwana huɗu na yi ina aiki. Na sami kwalin taliya na yanka, na manna shi ninki huɗu don ya yi ƙwari. Na yi marfi mai zamewa, robar ɗaure gashi ta zama sifirin, guntayen alli suka zama harsasai. Idan ka ja marfin baya, guntu ɗaya zai yi tsalle ta gefe, wani ya hau gurbinsa (sau biyu cikin uku dai, na ukun yakan maƙale). Da na gama sai na ga rubutun kamfanin taliya zai iya ɗauke hankalin yara, don haka na bi ta da baƙin man takalmi, shafi biyu, har ta yi sheƙi.

Ina so a san cewa ni ba mutum ne mai garaje ba. Na rubuta tambayoyi goma sha ɗaya da ɗalibai za su iya yi mini, kowace da amsarta. Na yi shawara da kaina kan ko in ɗaura nakatai ko in sa kaftani har kaina ya yi ciwo. Na gwada rubutu a ƙyauren ɗakina don in ga ko layina yana karkacewa. Babu abin da ban ji tsoro ba a kwanakin nan, sai abu ɗaya da ya kamata in ji tsoro.

Ranar Talata aka wayi gari da yayyafi da sanyi. Na naɗe kayata a tawul na sa a jaka. Ajin yana da yara talatin da 'yan kai, duk cikin rigunan sanyi. A can baya Malam Sabo ya zauna kusa da Madam Nkechi, mai makarantar, wata dattijuwa Inyamura... a'a, bari in faɗa yadda take so a faɗa, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Jos, da tabarau da takardar ba da maki a cinya.

Minti goman farko, ina jin, ban yi laifi ba. Na rubuta dokar a allo, na ga Madam ta gyaɗa kai sau ɗaya. Sai na ambaci sunan wasan na tambaya ko akwai masu buga shi. Hannuwa suka tashi, aka yi dariya, har na baya suka gyara zama. Wannan dariyar ce ta kai ni ta baro.

"To kun san ƙaramar bindigar nan da kowa yake rainawa?" na ce. "Yau na zo muku da ita."

Na sa hannu a jaka, na warware tawul, na ɗaga ta sama don na baya su gani.

Ba wanda ya yi ihu. Da an yi ihu wataƙila da abin ya fi mini sauƙi. Ƙarar kujeru kawai na ji, sau ɗaya, a tare, sai na ga babu kowa a gabana. Yara talatin da 'yan kai sun shige ƙarƙashin tebura, kawuna a ƙasa, hannuwa a ƙeya, tsit, har ana jin yayyafi a kan kwano. Ni kuma ina tsaye da baƙin abu a hannu, na nuna shi ga layin teburan da babu mutum.

Madam ba ta duƙa ba. Ta miƙe ta taho ta tsakiyar aji, tafukan hannunta a buɗe, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya.

"Malam, sannu. Ajiye shi. A hankali, ɗana, ajiye shi a tebur."

Mai hankali zai ajiye. Ni sai na ga ya wajaba in fara wanke kaina da hujja.

"Kwali ne, Madam. Wallahi kwali ne, kin ga ma yadda..."

Na ja marfin baya. Abin da ya yi ta maƙalewa a gida, ranar ya yi aiki kamar daga masana'anta ya fito. Guntun alli ya yi tsalle ta gefe, ya daki gilashin tabaranta, ya faɗi ƙasa ya gangara. Na ji wata yarinya a layi na biyu ta fara shessheƙa.

A ofis Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki abin ta jujjuya, man takalmi ya ɓata mata yatsu.

"Kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni ne, Madam."

"Ka iya aiki." Ta ajiye. "A Jos aka haife ka?"

"A nan aka haife ni."

"To ka sani. Yaran nan, rabi daga gefen ku, rabi daga gefen mu. Kowane zango muna koya musu, ka ga bindiga ko ka ji ƙara, ka kwanta, ba ihu, ba gudu. Wasu kuma ba mu muka koya musu ba. Da shi suka zo daga gida."

Kuma na sani ɗin. Ni ma na taɓa yini a ƙarƙashin gado ina ƙarami, hannun Inna a kan bakina, lokacin da gari ya rikice. Ban san yadda aka yi na ajiye wannan a gefe ba. Abin da zan iya cewa kawai, shekara uku ina ganin bindiga a cikin gilashin waya, inda wanda ya faɗi yake tashi bayan daƙiƙa goma, har ta koma mini sifirin da marfi da lissafi.

Ta ce in koma ajin in yaga ta a gabansu, don su gani da idonsu. Na koma, na ba su haƙuri da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba, na kama kwalin da hannu biyu. Ya ƙi yaguwa. Na murɗa, na sa gwiwa, na sa haƙori, bakina ya yi baƙi da man takalmi. Sai da na taka shi da ƙafa na ja sannan ya rabu. A nan ne wasu suka fara dariya, ta gaske wannan karon, kuma ban ga laifinsu ba. Yarinyar layi na biyu ba ta yi ba. Wata malama ce ta zo ta fita da ita, har lokacin jikinta yana ɓari.

Malam Sabo ya raka ni bakin ƙofar makaranta, lema ɗaya muka shiga. A hanya ya ce da ni:

"Bayaninka babu kuskure. Na saurara, ko ɗaya babu."

"Na gode, Baba."

"Ni na koyar da dokar nan shekara ashirin kafin a ba ni ofis. Da balan-balan. Ka hura, ka saki, iska ta yi baya, shi ya yi gaba. Ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin tebur."

Sai na yi tambayar da na riga na san amsarta. "Baba, maganar aikin fa?"

Ya miƙo mini hannu. "Ka gaida Innarka."

Wani aka ɗauka, kamar yadda ya dace. Ban goge wasan daga wayata ba, kada in yi ƙarya, amma na daina yi wa mutane bayaninsa. Idan akwai abin da na koya, kuma ban ce lallai na gama koyonsa ba, shi ne mutum zai iya duba maganarsa sau ɗari ya tabbatar gaskiya ce, ya manta bai duba fuskokin waɗanda zai faɗa wa ba. Ni dai na je koyar da cewa abin da ka tura yana dawo maka da ƙarfinsa, kuma a duk ajin ina jin ni kaɗai na fahimci darasin.