Fuskar Kansila a Kan Kwali

Duk garin Santa Rufina babu mai son talaka kamar Kansila Fulgencio Tabanao, kuma ba ya ɓoye wa kowa. Hotonsa na jikin motar asibiti, yana jikin kwandon shara, yana kan rumfar da ake ara wa masu zaman makoki, inda yake yi wa gawa murmushi. Sunan da ya raɗa wa kansa Uban Marasa Lafiya. 'Yan kasuwa kuwa Mai Hoto suke ce masa, amma sai ya ba da baya.

Shekara da shekaru masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, irin wanda ke kama mutum tun yarinta, suna roƙon gwamnatin lardi ta saya musu na'urar nan mai kamar murfin kwalba. A damtse ake manna ta, ta riƙa aika wa waya labarin sukarin jini, ta yi ƙara kafin mutum ya faɗi. Ranar da maganar ta zo majalisar gari, Kansila ya miƙe ya gyara rigarsa ta barong, rigar adon manyan ƙasar.

"Wannan gata ne kawai! Kakata ganye mai ɗaci ta sha, ta kusa shekara ɗari. Su rage shan zaƙi mana!"

Da lardi ya amince duk da haka, kwalayen na'urar suka iso asibitin gari, sai Kansila ya tuna cewa shi ne ya fara kawo shawarar. Ya sa aka kwashe su zuwa ofishinsa, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu.

"Ba a raba abin tarihi kamar ana raba taliya," in ji shi. "Sai an yi biki."

Biki kuwa ba ya yiwuwa sai an manna hotonsa a kowane kwali. Hotunan farko da aka bugo sun faɗaɗa masa hanci, ya mayar. Na biyu sun fito da furfura, ya mayar. Na uku suka yi kyau, to amma gwamna ya yi tafiya. Gwamna ya dawo, guguwa ta yaye rufin filin ƙwallon kwando inda za a yi bikin. Aka gyara rufi, sai Kansila ya lura zaɓe ya matso, kuma alheri ya fi armashi in an yi shi dab da zaɓe. Likitar gari, Dokta Abueva, ta yi ta sintiri tana cewa kayan nan suna da wa'adi. Ya ce likitoci ba su san siyasa ba.

Ana cikin haka Aling Pacita, mai sayar da kifi a bakin kasuwa, ta yanke jiki ta faɗi tana tsakiyar ciniki. Tun tana ƙarama take allurar insulin, yatsunta duk sun yi kanta saboda tsira su da allurar gwajin sukari. Sukarinta ne ya sauka ba ta sani ba. Da ƙyar maƙwabta suka ɗura mata lemo ta farfaɗo. Washegari ta je ofis da kumburarren goshi.

"Ranka ya daɗe, ga kwalayen can a bayanka ina ganinsu. Ba ni ɗaya kawai. Ranar bikin sai in cire in dawo da ita, ka sake ba ni."

Kansila ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa.

"Ƙanwata, ciwonki ciwona ne. Amma tarihi ba ya son gaggawa. Ke ce ma za ki fara karɓa, a gaban gwamna. Kada ki rufe goshin nan, zai yi kyau a hoto."

Ranar biki ta zo. An kawo 'yan badujalar makaranta, an dafa taliyar pancit tukunya-tukunya, limamin coci ya yayyafa wa kwalaye ruwan albarka. Gwamna bai zo ba, ya aiko ɗan ƙanin matarsa. Masu ciwon suka zauna a sahun gaba tun hantsi, suna tsira yatsa a ɓoye, Kansila na zuba jawabi.

"Na yi yaƙi! Na hana idona barci! Sun ce ba kuɗi, na buga tebur na ce ko da albashina ne!"

Da ya gama, ya kira Aling Pacita. Kumburin goshin ya riga ya saɓe, abin da ya ɗan ɓata masa rai. Ya tsaya sai da kansa zai manna mata. Dokta Abueva ta juya masa na'urar saboda a kife ya riƙe ta. Ya danna, aka yi tafi, masu hoto suka haska.

Aling Pacita ta kara wayarta a damtse. Shiru. Ta sake. Wayar ta yi wani ɗan kuka, ta ƙi karɓa.

"Matsalar sabis ce," in ji Kansila cikin lasifika. "A buga badujala!"

Dokta Abueva ta ɗauki kwalin, ta sa farce ta ɓare hoton. Ranar ƙarewar wa'adi na ƙarƙashin haɓarsa daidai, kuma ta wuce tun watan jiya. Ta ɓare na biyu, ta ɓare na uku. Jama'a suka taso, kowa ya ɗauki kwali yana ɓarewa. Kafin 'yan badujala su kai ƙarshen waƙa, filin ya cika da fuskokin Kansila a ƙasa, duka suna murmushi.

Namiji bai girgiza ba. Ya karɓi lasifika.

"Wannan zagon ƙasa ne! Wani ya riƙe kayan talakawa har suka lalace! Yau ɗin nan na kafa kwamitin bincike, kuma ni zan shugabance shi!"

Lardi ya ce sai kasafin baɗi. Aling Pacita ta koma tsira yatsa tsakanin ciniki da ciniki. Amma ba ta bar wurin biki hannu banza ba, ta tsinci hotuna cike da jaka. Gam ɗin da ke bayansu na da ƙarfi, ruwa ba ya cin su. Da su ta liƙe hujin bokitin kifinta, ta rarraba wa maƙwabta saura.

Duk wanda ya tambaye ta labarin Kansila, sai ta ɗaga bokiti ta nuna gindinsa.

"Ku daina zagin bawan Allah. Kun ga nan? Tunda aka sa shi a wurin, ko ɗigo bai bari ya zuba ba."