Rasuwar Taswirar Baba Mai Safiyo

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, iyalan Baba Mai Safiyo na sanar da rasuwar taswirarsa ta tsaunukan hamada, wadda ta girmi duk 'ya'yan gidan.

Marigayiya mai gaskiya ce. Inda tudu yake ta ce tudu, inda kwari yake ta ce kwari, ba ta taɓa ƙara wa dutse ko taku ɗaya don a yabe ta ba. Da ita Baba ya auna waɗancan tsaunuka yana saurayi, inda ba inuwa, ba mai nuna hanya. Surutunta bai wuce ƙwaras-ƙwaras idan ana buɗe ta ba, sai ɗan fyat idan an ninke.

Ta daɗe tana fama da ciwon gaɓoɓi, duk maninkarta ta tsage, ana ta jinya da salatif. Baba kuwa ya ƙudura sai ya koma tsaunukan nan sau ɗaya kafin gwiwa ta gama ƙin sa. 'Ya'ya sun hana, sun gaji. Ganin haka babbar 'yarsa, don tausayi, ta ɗauki taswirar a ɓoye ta kai shagon da ake liƙe takardu da leda, wai ta yi ƙwari kafin tafiya. Injin ya ji tsohon salatif, ya narkar da shi, ya tauna baiwar Allah tun daga tsakiya. Mashigar dutsen da rijiya ɗaya tilo duk suka tafi.

Ta bar kamfas mai nuna alƙibla, da gorar fatar da take kwana ciki, da ƙannenta biyu, taswirar arewa da ta kudu, waɗanda ba su san komai ba sai gefen hanya. Ta bar Baba, wanda tun ranar bai zauna ba. Daga ɗaki sai ƙofar gida, ya buɗe durowa, ya rufe, ya zana layi a iska da yatsa, ya goge. Bai yi wa 'yar faɗa ba, abin da ya fi damunta ke nan.

Iyali sun shirya binne ta gobe da yamma a durowar ƙasa. Baba bai yarda ba, a ganinsa a tsaunukanta ya kamata ta kwanta, kuma wai ya haddace hanya. Yau da safe an duba ba takalmansa, ba gawar. Duk wanda ya ga dattijo a tasha yana ɗingishi, don Allah ya zaunar da shi, ya kira 'yarsa.