Yadda Na Karya Kuɗin Gida a Funtua

Ba zan taɓa mantawa da labulen nan ba. Shi na fara gani da muka shiga gidan ranar walima: ruwan hoda ne mai zanen ganye, an rataya shi a tagar ɗakin da ke kallon gabas, ƙasansa na jan siminti saboda tela ya yi masa tsawo. Da ni ce, shuɗi zan rataya, kuma da ba zai ja ƙasa ba. Na tsaya riƙe da kwanon cincin da Umma ta ɗora mini, ina kallonsa, don kuwa ɗakin nan nawa ne. (Ban taɓa kwana a ciki ba, ba a taɓa biyan ko sisi da sunanmu ba, amma a wajena nawa ne.)

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane.

A gidan haya na tashi a Funtua, irin wanda sai ka bi layi da buta kafin ka shiga bayi da safe. Baba malamin firamare ne, yana da gona a Gozaki inda yake noman masara. Tun ina ƙarama nake jin magana ɗaya a bakinsa: "Bana in an sayar da masara za mu sayi gida." A sayar da masarar kuwa, a tarar gidan ya ƙara gaba. Yau a ce siminti ya tashi, gobe a ce kwanon rufi, jibi a ce mutanen ƙauye sun cika gari suna neman wurin zama. In Baba ya ajiye buhunansa yana jiran su yi daraja, sai farashi ya faɗi. In ya yi saurin sayarwa, sai ya tashi. Gidaje ne kawai ba su san hanyar saukowa ba.

Bara bayan girbi wani dillali, Malam Sabi'u, ya kai mu ganin wani gida mai koriyar ƙofa, ni da Baba da Umma. Ba wani babban gida ba ne. Amma akwai rijiya mai murfin ƙarfe, akwai bishiyar lemun tsami a tsakar gida, sakatar bayi kuma tana shiga da kanta ba sai ka tokare ƙofa da ƙafa ba. Sai wannan ɗaki mai kallon gabas, da hasken rana ya kwanta a ƙasansa kamar an shimfiɗa tabarma. Ni ba mai magana ba ce, amma kafin mu fito na riga na san bangon da gadona zai jingina.

"Malam, kuɗin da na faɗa maka na yau ne," in ji dillalin. "Na gobe ban san shi ba."

Baba ya ce a ba shi lokaci masara ta ɗan motsa, don abin da ke hannunsa bai kai ba. Muna fita ya tambaya ko ana iya ragi. Malam Sabi'u ya yi dariya ya ce, "A garin nan abu biyu kawai ke karya kuɗin gida: ambaliya da aljanu." Ya faɗa ne da wasa. Ni kuwa kunnena ba ya zubar da komai.

To akwai Sadiya. Benci ɗaya muke zama a aji. Mahaifinta Alhaji ne mai sayen hatsi, irin waɗanda su Baba ke kai wa masara. Safarta kullum fara ce tas, ko da damina. Bironta ba ya ƙarewa a tsakiyar jarrabawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tana da kirki. In ta sayi awara sai ta raba biyu ta tura mini rabin da ya fi girma, ta hana ni ko dalilin jin haushinta.

Wata rana lokacin tara muna zaune ta ce, "Abbanmu ya ga wani gida mai koriyar ƙofa, har da lemun tsami a ciki. Na ma zaɓi ɗakina, wanda rana ke shiga da safe."

Ni da malami zai yi tambaya, in san amsa, in kasa ɗaga hannu, sai ga bakina ya buɗe da kansa.

"Gidan nan? Ai akwai aljana a ciki."

Ta ajiye awarar. "Wa ya faɗa miki?"

"Ni na gan ta da idona, a bakin rijiya. Amma don Allah kada ki faɗa wa kowa."

(In kana son magana ta zaga Funtua ba tare da ka biya kuɗin mota ba, ka ƙara mata wannan jimlar ta ƙarshe.)

Niyyata ɗaya ce, Sadiya ta tsorata ta hana Abbansu, gidan ya jira masarar Baba. Ban yi tunanin maganar za ta biyo ni gida ba. Ba a daɗe ba mai kitso ta zo yi wa Umma kitso, ina gefe ina tsince shinkafa, na ji labarin aljanata ya dawo har ya yi ƙiba. Yanzu tana da 'ya'ya. Tana daka da tsakar rana, a ji ƙarar taɓarya ba kowa a bakin turmi. Wata 'yar makaranta ce ta gan ta, har ta suma aka yayyafa mata ruwa. Sunan yarinyar ne kawai ya faɗi a hanya, na gode wa Allah da hakan.

Sai ga Malam Sabi'u da kansa a ƙofar gidanmu a kan babur. Masu zuwa ganin gida sun ɗauke ƙafa, mai gida yana buƙatar kuɗi, ya sauko daidai inda hannun Baba zai kai. Ban taɓa ganin Baba ya shigo gida da irin wannan saurin ba, har takalminsa ɗaya ya bari a zaure.

Umma ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, ko kyauta aka ba ka, ba da ni ba. Ba zan kai 'ya'yana inda ake daka ba kowa a bakin turmi ba."

"Haba, wannan ai zancen gidan kitso ne."

"To ka tare kai kaɗai, mu riƙa aiko maka da tuwo."

Ina tsugune ina wanke-wanke, tukunya ɗaya na yi ta goga har ta fara nuna mini fuskata. Kalma kaɗan ce za ta gyara komai: ni na ƙirƙira. Na buɗe baki, na dubi fuskar Baba, na rufe. Na ce da safe zan faɗa. Da safe na ce sai an taso daga makaranta. Kafin in gama tara ƙarfin hali, Alhaji ya biya.

"Abba ya ce a gode wa aljanar, ta yi masa ragi," Sadiya ta faɗa mini a aji. "Ya ce a karanta Baƙara a gidan, shi ke nan. Amma ni wallahi har yanzu tsoro nake ji."

Kun ga yadda aka yi na zo na tsaya a tsakar gidan nan da kwanon cincin. Umma ta ce dole a je a yi musu Allah ya sanya alheri, ko da yake na lura da ƙafar dama ta shiga, bakinta na motsi, kuma ta zaɓi tabarmar da ta fi nisa da rijiya.

Sadiya ta ja hannuna. "Zo ki ga ɗakina." Na bi ta. Ta jingina gadon da bangon da bai dace ba, inda rana za ta riƙa dukan fuskarta. Ta liƙa jadawalin darasi a karkace. Ƙusar da na yi niyyar rataya hijabina, jakarta ce a jiki. Na ce, "Ya yi kyau, Allah ya sa rai aka yi wa," muryata kamar ta mai shan maganin zazzaɓi. A zuciyata kuwa ina ta roƙon ko ɗigon yoyo ɗaya in gani a silin. Babu.

Da muka fito mata sun cika tsakar gida, ana ta raba shinkafa da zoɓo. A ƙarƙashin lemun tsamin an ajiye wa kakar Sadiya kujera, Hajiya Babba, wadda ta zo daga Malumfashi saboda walimar. Kusa da ƙafarta akwai kwanon sha cike da ruwan tofi da malaman da suka yi karatu a zaure suka aiko a yayyafa a gida.

"Sadiya," ta kira, da muryar da ba ta buƙatar lasifika, "ina ƙawar taki da aka ce ita ta gani da idonta?"

Sadiya, baiwar Allah, ta ɗaga hannuna sama kamar na ci gasa. "Ga ta nan, Hajiya."

Cokula suka tsaya. Ni 'yar fari ce, Umma ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona a gaban mutane ba. Ranar ta kalle ni sosai.

"Ke?" ta ce a hankali. "Ke ce yarinyar da ta suma?"

"Matso nan, jikata, kada ki ji tsoro," in ji Hajiya Babba. "Faɗa mana kamanninta, mu san da wa muke zaune."

A nan ne na gane ban taɓa yi wa aljanata fuska ba. Na ba ta rijiya, mutanen gari sun ba ta turmi da 'ya'ya, amma ba wanda ya ba ta kamanni. Ni kuma haka Allah ya yi ni, in kunya ta kama ni sai in sunkuyar da kai, idona ya riƙa tsintar ƙananan abubuwa. Na fara magana ba tare da na san daga ina take fitowa ba.

"Doguwa ce."

"Na'am."

"Da farin mayafi, mai baƙin zare a gefe."

Wata mata ta ce a'uzubillahi.

"Ƙafarta da lalle, ya fara koɗewa wajen dunduniya." Na ɗan ɗago kai don in ga ko ya isa haka. Bai isa ba, kowa jira yake. "Tana da haƙorin Makka. A gefen hagu."

Hajiya Babba ta dubi ƙafarta. Ta kama gefen mayafinta ta juya shi. Sannan ta kai yatsa ta taɓa haƙorinta na hagu.

"Carbin fa?" ta ce. "Kin manta carbin."

Ban san wadda ta fara ba, amma dariya ta fashe daga wajen rijiya ta zagaye gidan. Wata ta shaƙe da zoɓo sai da aka bubbuga mata baya. Hajiya Babba tana share hawaye da mayafin nan mai baƙin zare tana cewa, "Ashe ni ce na karya wa ɗana kuɗin gida ina zaune a Malumfashi. A kira mini shi ya ba ni la'adata."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, sannan ta ce, "Hajiya, ranar da muka zo ganin gidan nan, yarinyar nan tana riƙe da gefen mayafina tun daga ƙofa har muka fita. Abin da ta gani a bakin rijiya ni ma na gan shi. Guga ne."

Da a ce suman da aka yi mini ƙarya da shi zai zo a lokacin, da na yi masa maraba. Bai zo ba. Kuka ne ya zo, irin mai majina, kuma a cikinsa na ji kaina ina cewa, "Ɗakin nake so. Ni na fara ganinsa."

"Ɗaki?" in ji Sadiya. Ita ma idonta ya kawo ruwa, amma na haushi. "Tun da muka tare ban kwana a cikinsa ba saboda ke. A ƙasan gadon Mama nake shimfiɗa."

(Allah ya yafe mini, wannan ne kaɗai abin da ya ɗan yi mini daɗi a duk yinin.)

Hajiya Babba ta ɗauki kwanon tofin ta ce tunda malamai sun riga sun wahala, ba za a yi asararsa ba, ga mai buƙata a gabanta. Ta tsoma hannu ta yayyafa mini a ka, a fuska, har da bayan wuya, tana cewa Allah ya raba ni da abin da ke damuna. Mata suka amsa da amin mai ƙarfi. Sannan ta sa aka cika mini faranti da shinkafa, ta ce aljana ta yafe. Haka na zauna hijabi a jiƙe, ina tura shinkafa.

A hanyar gida Umma tana gaba ina baya, kwanon cincin babu komai a ciki yana ta ƙara a hannuna. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai da muka kusa kwanar layinmu ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mutumin nan har takalminsa ya bari a zaure don murna. Ni kuma na tsaya na hana shi, a kan maganar da ta fito daga ɗakina."

Abin da na koya dai shi ne, ƙarya tana iya abin da masarar Baba ta kasa shekara da shekaru, tana sauko da kuɗin gida. Sai dai ragin ba ya zuwa hannun wanda ya yi ta. Kuma in har za ka ƙirƙiri aljana, ka yi mata fuska tun a gida.

Muna shan kwana na hango babur ɗin Baba a jingine a ƙofar gidan haya. Ya dawo ke nan, bai san komai ba. Na san Umma ba ta ɓoye masa magana, iyakaci in nemi jinkiri. Na tuna irin gudun da kuɗin gida ke yi a garin nan, na tuna irin tafiyar da masara ke yi a bayansa, na zaɓi wa'adin da na san zai fi kowanne nisa. Na kama gefen mayafinta.

"Umma, don Allah kada ki faɗa wa Baba sai ranar da muka sayi namu."